Kada Ka Ci Irin Shuka

Ko kana cikin garin Dakoro, ko Kornaka, ko wani ƙauye a bakin Tarka, ina roƙonka ka tara mutanen gidanka bayan tuwon dare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura wannan 'yar takarda da ƙarfi, domin yara su ma su ji.

A shekarar 1984 ina yaro, ina makarantar mishan. Na zo hutu na tarar ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe a tsaye. Abin da muka samu a gonarmu bai kai mu ko'ina ba. Amma kafin a taɓa kome, mahaifina ya zauna ya zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ya ɗaure su, ya rataye cikin ɗakinsa. Da rani ya yi nisa, abinci ya ƙare. Wata rana mahaifiyata ta ce masa, "Maigida, ga hatsi rataye, ga yara suna kwana da yunwa." Ya yi shiru. Can ya ce, "In muka daka wannan, mun ƙoshi kwana uku, mun kuwa cinye shekara mai zuwa." Muka ci ganye, muka ci anza, amma ba a sauko da damin nan ba. Da ruwa ya sauka a 1985, mu muna da abin shukawa. Waɗansu maƙwabta kuwa sai da suka bi gida gida suna roƙon iri.

Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai shuka, ya kuma bayyana wa almajiransa cewa irin nan Maganar Allah ce. Duba Luka sura 8. To, kowane gidan mai bi yana da irin da Allah ya danƙa masa. Kowane lokaci na shekara kuma yana zuwa da tasa yunwa, wadda za ta ce maka, "Sauko da irin nan ka ci." A kan wannan nake so mu yi tunani, muna bin shekarar ikilisiya daga Kirsimeti har zuwa godiyar kaka.

DON ME MUKE KIYAYE RANAKU?

Da fari sai mu gane abu ɗaya. Rana ba ta ceton mutum. Manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa kada su yarda wani ya hukunta su a kan idi ko tsayuwar wata. Ceto ta wurin alherin Allah yake, ta wurin bangaskiya ga Yesu kaɗai.

Amma Allah ya san mu masu mantuwa ne. Saboda haka ya sa wa Isra'ilawa idodi a shekara, kamar yadda yake a Littafin Firistoci sura 23. Akwai Idin Ƙetarewa, da Idin Makonni, da Idin Bukkoki, kowanne yana tafiya tare da aikin gona. A Fitowa sura 12 Musa ya ce wata rana 'ya'yansu za su tambayi ma'anar abin da ake yi, sai iyaye su ba su labarin yadda Allah ya fisshe su daga Masar. Ka ga amfanin idi ke nan: yaro ya yi tambaya, uba ya amsa. Idan idi ya wuce ba wanda ya tambaya, ba wanda ya amsa, an ci tuwo ne kawai.

KIRSIMETI: RUMBU CIKE

Kirsimeti, wadda waɗansunmu suke ce wa Nowel, tana zuwa ran 25 ga Disamba. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Masu bi na dā ne suka keɓe wannan rana, kuma tun shekarar 336 ikilisiyar Roma tana kiyaye ta. A wurinmu tana faɗowa cikin ɗari, bayan an gama kai amfanin gona gida. Rumbu cike, wake yana nan, jiki ya huta.

Yunwar wannan lokaci ba ta ciki ba ce, ta ido ce. Zan faɗa maka laifina, domin kada ka yi irinsa. Wata shekara, ina sabon maigida, na ga 'yan'uwa suna ɗinka sababbin tufafi. Na ji kunya a ce gidana ne baya. Na fasa rumbu na kai hatsi kasuwa, a lokacin da kowa yake sayarwa, tiya ba ta da daraja. Na sayi atamfa da takalma da bunsuru. Muka yi kwana biyu muna murna. Da watan Yuli ya zo, na koma kasuwar nan ina sayen hatsi da tsada, daga baya ma na ci bashi wurin wani ɗan kasuwa, na biya da dami a kaka. Shekara biyu ina fita daga ramin da na haƙa a kwana biyu.

Yanzu buɗe Luka sura 2 ka ga yadda Mai Ceto ya zo. An kwantar da shi cikin komin dabbobi, gama ba su sami masauki ba. Waɗanda aka fara gaya wa labarin makiyaya ne masu kwana a daji, kamar Fulanin da kake gani wajen Bermo da Gadabeji. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka bayar, wadda Shari'a ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Ɗan Allah ya shigo duniya ta ƙofar talaka. Me zai sa ka ci bashi domin ka yi bikinsa?

Ban ce kada ku yi murna ba. Ku yi, da waƙa da ganga. Ke uwargida, ki dafa abin da Allah ya hore, ki aika wa maƙwabtanmu Musulmi da kwano, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama ranar Layya. Amma ku lissafta watannin da suke gaba kafin ku buɗe rumbu. Kafin a ci abinci kuma, kai maigida ka karanta wa yara labarin haihuwar, ka gaya musu dalilin zuwansa, watau domin ya ceci mutanensa daga zunubansu. Riga za ta tsufa kafin wata Kirsimeti. Labarin nan kuwa zai bi yaro har kabarinsa.

ISTA: TSAKIYAR RANI

Bayan Kirsimeti gari yakan watse. Samari da magidanta su tafi cin rani, wani Maraɗi, wani Kano, wani Agadas, wani har Libiya ko wurin haƙar zinariya. A bar mata da tsofaffi da yara. Rijiya ta yi zurfi, rana ta yi zafi, ciwo ya yi yawa. A cikin wannan hali Ista take samunmu. Ranarta tana canzawa, gama tana bin wata: ita ce Lahadin da take biye da cikar wata na fari daga 21 ga Maris. Saboda haka ba ta riga 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu.

Yunwar rani ita ce fid da zuciya. Mace tana jiran saƙo daga mijinta, shiru. An binne yaro. Sai Shaiɗan ya raɗa mata cewa Allah ya manta da gidan nan. Shi kuma mai cin rani yana garin da ba wanda ya san shi. Ba dattijon da zai tambaye shi me ya hana shi zuwa sujada. Sai ya ajiye bangaskiyarsa kamar tsohuwar riga, ya ce zai ɗauka in ya koma gida.

Ɗan'uwana, kai manomi ne, ka san binne. Kafin ruwa ya sauka, mutum yakan ɗauki irin da ya hana 'ya'yansa ci, ya je ya zuba cikin busasshiyar ƙasa, ya rufe da ƙafa, ya koma gida hannu wofi. Wanda bai san noma ba zai ce wannan mutum ya yi hasara. Yesu ya yi magana a kan mutuwarsa da irin wannan misali a Yahaya sura 12. Ya nuna cewa ƙwaya ba ta yin 'ya'ya sai ta shiga ƙasa ta mutu tukuna. Ran Jumma'a aka gicciye shi saboda zunubanka da nawa, aka sa shi a kabari. Ran Asabar almajiransa suna ɓoye, suna ganin kome ya ƙare. Ran Lahadi da asuba mata suka je, suka tarar an kawar da dutsen, kabari ba kowa. Ya tashi!

Manzo Bulus ya ɗauki wannan misali a 1 Korantiyawa sura 15, ya ce jikin mai bi da ake binnewa kamar iri yake, za a tashe shi da ɗaukaka. Ke da kika binne ɗanki, ki yi kuka, gama Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Amma ki sani wurin nan gonar Allah ce, ranar tsiro tana zuwa.

Kai kuma mai shirin tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa Sabon Alkawari cikin jakarka tun yau. In ka sauka, ka nemi inda masu bi suke taruwa tun Lahadin fari. In ka kira gida da waya, kada maganar ta tsaya a kan kuɗi. Ka yi addu'a da matarka ko ta minti ɗaya ce. Ku da kuka rage a gida kuma, ko ku uku ne ƙarƙashin itace, ku taru ranar Ista. Mata ne suka fara kai labarin tashinsa, kada ku ce sai maza sun dawo.

FENTIKOS: ANA DUBAN GABAS

Kwana 40 bayan tashinsa, Yesu ya hau sama. Kafin ya tafi ya umarci almajiransa kada su bar Urushalima, su jira alkawarin Uba. Suka jira kwana goma suna addu'a. A rana ta 50, ranar Idin Makonni, lokacin da Yahudawa suke kawo nunan fari na alkama, Ruhu Mai Tsarki ya sauko. Bitrus ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura 1 da 2.

Fentikos tana faɗowa tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. A ƙasar Dakoro lokacin bazara ke nan. An yi sassabe, an gyara sungumi, kowa idonsa yana gabas. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Mu nan muna bakin iyakar noma, arewa da mu sai makiyaya, don haka mun fi mutanen kudu sanin zafin jiran ruwa.

Yunwar bazara ita ce rashin haƙuri. In ruwa ya yi jinkiri, ko an shuka ya ƙone, sai wani ya zo ya ce, "Akwai mai magani a gari kaza, a binne laya a kusurwar gona." Na san masu bi da suka yi baftisma, suna waƙa ran Lahadi, amma da dare suka bi wannan hanya. Suna cewa ai ba su bar Yesu ba, ƙari ne kawai suka yi. Ɗan'uwa, yaronka yana kallonka. Ranar da ya ga ka binne laya, ranar ka daka irin gidanka. Duk wa'azin da zai ji daga baya, abin da ya gani da idonsa zai fi shi ƙarfi.

Yakubu sura 5 ta ce mu dubi manomi yadda yake haƙuri yana jiran ruwan fari da na ƙarshe, ta kuma tuna mana da Iliya, mutum kamarmu, wanda ya yi addu'a aka yi ruwa. Ku taru ku roƙi ruwa, ku roƙa wa gari duka, har da gonar wanda ba ya gaishe ku, gama Ubanmu yana sauko da ruwa a kan mai adalci da marar adalci. Ku roƙi cikar Ruhu kuma. Zuciya ba tare da Ruhu Mai Tsarki ba kamar gona ce da aka yi wa binne ruwa bai zo ba.

Ka lura da wani abu kuma. Ran Fentikos kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Ma'aikatan mishan na SIM sun iso Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Wasu suka sha wahala shekaru domin kai ka ji Allah yana magana da harshen uwarka. To, Bafillace da Buzun da kuke shan rijiya ɗaya fa? Wa zai gaya musu in ba kai ba?

DAMINA: WATANNIN DA BA IDI

Daga Fentikos har kaka ba wani babban idi. Lahadi ce kawai take bin Lahadi. Nan ne aiki yake, noman fari da maimai, ga sauro da zazzaɓi, ga rumbu ya koma sai ƙura. Gona kore shar, ciki kuwa wofi. Waɗanda suka ga 2005 ba za su manta ba. Fara da fari sun ci amfanin 2004, hatsi ya fi ƙarfin talaka, har aka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a nan Dakoro, uwaye suna zuwa da ƙafa daga ƙauyuka masu nisa.

Yunwar damina tana cewa, "Ba ni da lokacin Allah yanzu, sai na gama noma." Tana kuma cewa, "Kowa ya ji da kansa." Amma dubi Markus sura 4. Yesu ya ce manomi yana barci yana tashi, iri kuwa yana tsiro yana girma, shi bai san ta yaya ba. Kai kake riƙe hauya, Allah yake sa girma. Ranar hutu ɗaya cikin bakwai ba za ta kashe gonar da Allah yake tsaro ba. Annabi Habakuk ma, a ƙarshen littafinsa, ya ƙudura zai yi murna da Allah Mai Cetonsa ko da gonaki ba su ba da kome ba, garke kuma ya ƙare. Wannan ita ce bangaskiyar watan Agusta.

Game da 'yan'uwa kuwa, karanta Ayyukan Manzanni sura 11. Da aka yi annabcin yunwa, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In akwai gwauruwa a cikinku, samarin ikilisiya su yi mata gayya rana ɗaya. In kana da tiya biyu ɗan'uwanka ba shi da ko ɗaya, kada ka ba shi bashin da zai biya ninki a kaka. Ka ba shi saboda Almasihu.

KAKA: RANAR GODIYA

Ga shi Allah ya kawo mu Oktoba. An yi girbi, an ɗaure damuna, ana jidowa da amalanke. Ikilisiya takan sa Lahadi ɗaya ta godiya, kowa ya kawo daga amfanin gonarsa.

Yunwar kaka ita ce mantuwa. A Maimaitawar Shari'a sura 8 Musa ya gargaɗi jama'a cewa in sun ci sun ƙoshi, kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu. Ka tuna kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. A watan Yuni majami'a takan cika da masu roƙon ruwa. Su nawa ne suke komowa a Nuwamba?

Ga shawarata. Ranar da ka gama kai hatsi gida, kafin ka sayar da ko tiya ɗaya, ka kira matarka da 'ya'yanka gaban rumbu. Ku fid da na Ubangiji da fari, da farin ciki, ba don dattawa suna kallo ba. Ku fid da iri ku rataye. Ku fid da na mabukaci, gama Shari'a ta hana Isra'ilawa share gona ƙaf, ta ce a bar kala domin matalauci da baƙo. Sa'an nan ku lissafta abincin gida har wata kaka, kamar yadda Yusufu ya tara hatsi a Masar a shekarun ƙoshi. Abin da ya ragu, shi ne na kasuwa da na Kirsimeti. Yaron da ya ga ubansa yana yin haka kowace shekara ya sami wa'azin da ba zai manta ba.

In kuwa bana gonarka ba ta yi ba, kada kunya ta hana ka zuwa. Ka zo da zangarniya ɗaya. Ubangiji ya yabi gwauruwa mai 'yan kuɗi biyu fiye da masu arziki.

TAMBAYA GARE KA

Mahaifina ya rasu da daɗewa. Gonarsa an raba, ɗakin da ya rataye damin nan ya rushe. Amma abin da yake karanta mana da fitilar ƙwai kowane dare, a shekarar ƙoshi da ta yunwa, yana nan tare da ni, ina kuma karanta wa jikokina.

Kai fa, me 'ya'yanka za su shuka bayanka? Wataƙila kana karanta wannan, zuciyarka tana gaya maka ka riga ka ci irin. Ka daɗe ba ka buɗe Littafi a gidanka ba, ko akwai abin da ka binne a gona, ko kuwa ba ka taɓa karɓar Yesu da gaske ba, kana bin idi ne kawai. Kada ka fid da zuciya. Maƙwabtanmu da suka rasa iri a 1985 sun roƙa, an kuwa ba su. Allah ya fi maƙwabci alheri. Ka tuba, ka roƙe shi, ka je wurin fasto ko wani dattijon ikilisiya ku yi magana. Kada ka jira wani idi. Ka fara daren yau da sura ɗaya.

Sai mu yi addu'a.

Ya Ubanmu, kai ne mai rani da damina. Mun gode maka domin Ɗanka Yesu, wanda aka haifa dominmu, ya mutu dominmu, ya tashi, ya kuma aiko mana da Ruhunka. Ka gafarta mana mantuwarmu. Ka tsare masu cin rani, ka ta'azantar da masu makoki, ka ba ƙasarmu ruwa mai albarka da zaman lafiya. Ka taimake mu mu riƙe Maganarka cikin ƙoshi da cikin rashi, mu kuma danƙa ta ga 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.